Turanci a Wuyan Riga

Shekara goma sha tara ina riƙe da dutsen guga a shagon wankin nan, ban taɓa ba wani wandon wani ba sai a sati biyun da Malam Ƙamus ya yi yana mulkinmu. Kuma ko gaban alƙali aka kai ni haka zan faɗa, ba laifina ba ne.

Malam Ƙamus mijin ƙanwar Maigida ne, Maigida kuwa shi ne mai shagon. Kafin ya faɗo mana ya taɓa kiwon kaji, ya taɓa koyar da tuƙi, ya taɓa buɗe wurin gyaran fanka, kowanne da dogon jawabi ranar buɗewa, babu wanda ya kai wata shida. Matarsa, wadda muke ce wa Uwar Yara, ita ta yi ta sintiri gidan yayanta har takalminta ya cinye, tana roƙon a gwada mijinta ko sau ɗaya ne. Ana nan Maigida ya gama gyara sabon reshe kusa da gidajen malaman jami'a, zai yi tafiyar sati biyu ya sayo injuna. A gabana ya kira Malam Ƙamus ya ce ga shago nan, in ya dawo ya tarar da shi yadda ya bar shi, mukullin reshe nasa ne. Sharaɗi ɗaya kawai ya kafa masa, kada ya taɓa komai.

Aikinmu kuwa babu wuya. Mutum ya kawo kaya, a maƙala ɗan ƙyalle mai lamba a cikin wuyan rigar da fil, a ba shi takarda mai lamba iri ɗaya. Maratayi kuma a jere yake daga ɗaya zuwa ɗari biyu. Ni ban yi boko ba, amma ko ido a rufe na san arba'in da bakwai tana tsakanin arba'in da shida da arba'in da takwas.

Motar Maigida ba ta gama shan kwana ba Malam Ƙamus ya zaro wani tsohon littafi marar bango daga aljihu. Ya ce a bakin titi ya saye shi, kalmomi dubu ne masu wuya da aka tsinto daga manyan littattafan Turawa, irin waɗanda su kansu Turawan sai sun zauna kafin su furta. Daga wannan littafin sunan nasa ya samo asali.

"Baba," in ji shi, "reshen nan malaman jami'a ne za su riƙa zuwa. Mutumin da ya karanta littafi dubu ba ka ce masa kawo rigarka haka nan gatsau. Sai ka jefa masa kalmar da shi ma sai ya koma gida ya duba."

Na ce ni dai a sanina riga mai tsabta suke nema. Ya ce ai shi ya sa na shekara goma sha tara a bayan tebur ɗaya.

Matsalar ita ce kan nasa rariya ne. Ya haddace kalma goma da safe, kafin azahar saura biyu, su ma sun yi musayar ma'ana. Ranar farko haka ya wuni yana zagaya shago yana ƙunƙuni, har wata mata ta tambaye ni a ɓoye ko ana yi masa magani. Washegari ya shigo yana washe baki, ya ce ya gano dabara. Kalma ba ta zama a kai sai an ɗaura ta a jikin mutum. Don haka daga yau an kori lambobi. Duk wanda ya kawo wanki zai kalle shi sama da ƙasa, ya zaɓo kalmar da ta yi daidai da halinsa, ya rubuta a ƙyalle, ya rubuta a takarda. In ya ga mutumin ya tuna kalmar, in ya ga kalmar ya tuna mutumin. Ya kwashe lambobin Maigida ya zuba a bokiti ya tura ƙarƙashin kanta.

Na tuna masa sharaɗin. Ya ce Maigida cewa ya yi kada a taɓa komai, bai ce kada a inganta ba.

Maratayin ma bai tsira ba. Kayan da ke ɗauke da kalmomin da ya haddace suka koma dama, waɗanda bai haddace ba hagu, masu nauyi sosai kuma ya sa aka ɗaura musu wani dogon ƙarfe can sama kusa da silin, wai don girmamawa. Ni da nake miƙa kaya cikin ƙiftawar ido na koma ɗan kallo. In ya fita sallah ko cin abinci sai in tsaya ni da mai kaya muna kallon juna, ga rigarsa can yana hangowa, ni kuma an hana ni taɓawa sai an tabbatar da kalma.

Rigimar farko daga mai aski ta taso. Mai askin layinmu ba ya rufe baki, sai Malam Ƙamus ya ba shi lokweshos, wato mai surutu. Haka dai na ji yana faɗa, haka nake maimaitawa. To ashe mai sayar da yadi ma da ta kawo zannuwanta lokweshos ya ba ta, direban motar makaranta ma haka. Ranar karɓa kaya suka cakuɗe. Direba ya tafi da fararen mayafan aski, mai yadi ta tafi da kakin direba, mai aski ya buɗe ledarsa ya ga zannuwa huɗu masu furanni. Shi kuma ga mutane a layi, sai kawai ya ci gaba da aiki da su. Mai yadi ta zo wucewa ta hango zanenta na fita unguwa ɗaure a wuyan wani ƙato mai gemu, ana zuba masa gashi.

Su ukun suka haɗu a shagonmu. Wallahi awa biyu cur suna magana lokaci guda, babu mai sauraron wani. Malam Ƙamus ya jingina da kanta yana gyaɗa kai cikin jin daɗi, ya raɗa mini cewa in duba da kyau, wannan kalmar kam ta zauna har abada. Da suka juyo kansa ya ce laifinsu ne, wa ya ce halinsu ya zo ɗaya.

Ranar Alhamis mai kemis ya zo karɓar kwat ɗinsa, ya mance takarda a gida. Da can ba komai ba ne, sai in tuna lambarsa. Malam Ƙamus ya ƙura masa ido, ya buɗe littafi, ya rufe, ya sake ƙura masa ido. Mutumin yana ta murmushi don an yi masa haihuwa. Malam Ƙamus ya ce gaskiya ba zai iya gane shi ba, ranar Litinin a fusace ya zo, yau kuma ya zo da wani hali daban. Mai kemis ya yi dariya ya ce a duba dai. Aka yi minti ashirin ana dubawa. Murmushi ya fara janyewa. Malam Ƙamus ya ce ko zai ɗan taimaka ya tuna abin da ya ɓata masa rai ranar Litinin. Nan fa jijiyar wuya ta miƙe, mai kemis ya daki kanta har fil suka watse.

"Yawwa, ci gaba, ta kusa zuwa," in ji Malam Ƙamus, ya ɗaga yatsa sama. "Ƙara kaɗan. Irasibul."

Ya hau kujera ya ciro kwat ɗin daga can sama, ya miƙa masa da hannu biyu. Mai kemis ya fizge kwat ɗinsa ya fita.

Da a nan abin ya tsaya da sauƙi. Amma mutane suka fara tambayar ma'ana, shi kuma ba zai iya faɗin gaskiya ba. Akwai Mai Gidaje, wanda rabin layin hayarsa suke zaune, mutumin da sai ya sa riga ta fuska ya juya ta ta baya ya sake sawa kafin ya kawo wanki. An ba shi fasimoniyos. Da ya tambaya, Malam Ƙamus ya ce ai tana nufin mai hangen nesa. Mahauci, wanda sai ya karkata yake shiga ƙofarmu, aka ba shi kofulent, aka ce masa mai kwarjini. Maigadin layi, wanda kowa ya san ya taɓa ɗare katanga saboda akuya, aka ba shi fusilanimos, wai jarumi.

Kafin sati ya zagayo labari ya cika layi cewa a shagonmu ana raba laƙabin Turanci kyauta. Wasu riga mai tsabta suke cirowa daga akwati su kawo don dai su samu tasu kalmar. Mahauci ya roƙe ni in bar masa ƙyallen a waje, a kan aljihu, inda za a gani. Mai Gidaje kuwa ya ɗauki ragowar fentin wani ɗan hayarsa, ya sa aka rubuta tasa da manyan baƙaƙe a jikin ƙofar gidansa. Akwai masu ɗan Turanci a layin, akwai masu waya a hannu, amma babu wanda ya duba, tunda an riga an ce musu yabo ne.

Na ja shi gefe na ce, Malam, tunda abin ya zama haka, me zai hana ka riƙa ba su kalmomin kirki? Ya ce ya gwada, littafin cike yake da su, amma ba sa zama, don ya duba layin kaf bai ga wanda suka dace da shi ba. Daga nan ya ce in shirya, in ya karɓi reshe zai iya ɗauka ta, in dai na rage mita.

Ranar Asabar Maigida ya dawo. Da hantsi ne, shago cike maƙil, don Asabar ce ranar karɓar kaya. Uwar Yara ta biyo yayanta, ta ci ado, fuskarta sai sheƙi take. Maigida ya ga jama'a har waje, ya ga maratayi ya cika, ya fara gyaɗa kai. Mukullin reshe yana hannunsa yana kaɗawa. Malam Ƙamus ya gyara hula ya fara jawabi a kan yadda ilmi ke jawo kasuwa. Ni ina bayan tebur ina addu'a a miƙa mukullin nan a tashi lafiya, ba don shi ba, don baiwar Allahn nan da ta sha wahala.

Sai ga Malama ta shigo tana share hawayen dariya da gefen mayafi. Malama tsohuwar shugabar makaranta ce, shekara talatin da biyu tana koyar da Turanci, rabin mutanen da ke shagon sun sha bulalarta. Tun farkon sati biyun ta ajiye labulayenta ta tafi wurin 'yarta. Ita ba ta karɓar takarda, takan ce ba a haifi wanda zai ɓatar mata da kaya ba. Ta dogara lemarta ta ce wane ja'irin ne ya yi rubutu a ƙofar Mai Gidaje, tana so ta gaishe shi.

Ina yi wa Malam Ƙamus alama da ido ya yi shiru, amma ina, ya ji ƙanshin yabo. Ya turo ƙirji ya ce kalmar dai daga hannunsa ta fito. Mai Gidaje ma ya matso yana shafa gemu, ya ce ai mai hangen nesa ke nan.

"Mai hangen me?" in ji Malama. "Marowaci take nufi. Marowacin ma na ƙarshe, wanda ko gaisuwa sai ya auna kafin ya bayar."

Can wani ɗan haya ya kasa riƙewa ya fashe da dariya, sauran suka bi. Mahauci ya fi kowa ƙyaƙyatawa, tumbinsa na rawa, har Malama ta sa tabarau ta karanta abin da ke kan aljihunsa, ta ce shi kuma mai ƙiba, wanda kitse ya yi wa yawa. Ya yi wuf ya rufe ƙyallen da tafin hannu. Daga nan kowa ya zaro takardarsa ya miƙa, ita kuma ta tsaya tana kira ɗaya bayan ɗaya kamar tana kiran suna a aji. Matsoraci. Mai surutu, har mutum uku. Mai saurin fushi. Mai fadanci. Mai cin abincin gidan mutane. Duk wanda aka karanta wa tasa sai ya daina dariya, na kusa da shi ya karɓa.

Ni kam na yi dariya har na riƙe ciki, ban ɓoye ba. Ina cikin yi Malama ta miƙo hannu ta juya wuyan rigar aikina. Ashe kwana goma ina yawo da ƙyalle a ƙeya ban sani ba. Ta ce kwerulos, wato tsoho mai mita, wanda komai aka yi sai ya yi ƙorafi. Ni! Ni da ban taɓa ƙorafi ba sai in an yi ba daidai ba, kuma laifina ne in kullum ana yin ba daidai ba? Raina ya ɓaci ƙwarai, har yau bai gama hucewa ba.

Malam Ƙamus ya ja da baya har ya haɗu da bango, gumi ya karyo masa, amma bakin bai mutu ba. Ya ce wa mahauci wannan ba zagi ba ne, awo ne. Ya ce wa maigadi ai tsoro ma hankali ne. Ya ce wa Mai Gidaje fentin ai ba nasa ba ne, don haka bai yi asarar komai ba. Mai kemis ya fara naɗe hannun riga, Malam Ƙamus ya nuna shi ya ce jama'a su shaida, shi ƙarya ya yi?

Malama ta ce a kawo mata labulayenta. Na kawo da saurina, har da gudu. Ta juya ƙyallen, ta karanta, ta cire tabarau ta goge ta sake karantawa. Ta ce tamagant, masifaffiyar mace mai faɗa da kowa. Sannan ta ce a gaskiya, a matsayinta na malama, dole ta faɗa, duk kalmomin nan babu wadda ya sa ba a wurinta ba, goma bisa goma ta ba shi. Tana gama faɗa ta ɗaga lema ta sauke masa a kafaɗa sau biyu.

Duk wannan Maigida yana gefe yana kallo. Ya daina kaɗa mukulli dai. Da hayaniya ta ɗan lafa ya tambaya ina lambobinsa. Na jawo bokitin da ƙafa na ajiye a gabansa, ban ƙara ko kalma ba, kada a ce mita nake. Ya leƙa ciki, ya ɗago, ya ce wa surukin nasa magana ɗaya ce ta rage. Ya ba kowa kayansa yanzu, cikakku, a sallami mutane, sannan a san abin yi.

Malam Ƙamus ya ce wannan ai ƙaramin abu ne. Ya ce manyan mutane za a fara sallama, kuma kayansu suna can sama wurin manyan kalmomi. Ya ɗora kujera kan kanta ya hau, littafi a hannu ɗaya, ɗayan yana lalube. Kujera ta goce, ya cafki dogon ƙarfen da ya sa aka ɗaura. Ƙarfen da ma da igiyar shanya aka ɗaure shi. Ya tsinke ya faɗo kan maratayin dama, na dama ya ture na hagu, gugar sati biyu ta zubo ƙasa gaba ɗaya. Da ƙura ta kwanta babu abin da ake gani sai tsibin kaya da ƙafa ɗaya ba takalmi tana motsi a ƙasansa. Fil sun warwatse, ƙyallaye sun bar wuyan rigunansu, yanzu ko shi bai san na wa ne na wa ba.

Jama'a suka afka kowa yana jan abin da ya gane. Uwar Yara ce kaɗai ba ta shiga cikinsu ba. Ta naɗe mayafinta ta durƙusa tana tsince kaya tana kakkaɓewa, idonta ya kawo ruwa, kunya ta hana ta kallon yayanta. Na tausaya mata har cikin raina. Tana cikin tsincewa ta ɗago wani zane shuɗi da ya koɗe, nata ne, wanda mijin ya kawo daga gida a wanke. Ƙyallensa na nan daram. Ta tsaya tana kallonsa, sannan ta miƙe ta kai wa Malama.

Kowa ya bar abin da yake yi. Malam Ƙamus ya turo kai daga cikin kaya, wandon wani a wuyansa, ya ce don Allah wannan kada a karanta. Malama ta karanta a zuci, ta daɗe, sannan muryarta ta sauko.

"Longanimos," ta ce. "'Yata, ma'anarta mai dogon haƙuri. Wadda ake cutarwa shekara da shekaru tana shanyewa, ba ta ramawa, ba ta tafiya."

Malam Ƙamus ya sunkuyar da kai. Ya ce, a hankali yadda ban taɓa jin ya yi magana ba, ita kaɗai ce kalmar kirkin da ta zauna masa, tun ranar farko, ko littafi bai sake dubawa ba.

Uwar Yara ta cire fil ɗin, ta ninke ƙyallen, ta sunkuya ta sa masa a aljihun gaba.

"Ka faɗi gaskiya, Baban yara," ta ce. "Amma riƙe abarka, ta daina yi mini daidai daga yau." Ta juya ta shimfiɗa tafin hannu. "Yaya, ba ni mukullin. Ni na roƙa, ni zan riƙe."

Maigida ya dube ta, ya dubi tsibin kayan, ya sa mata mukulli a hannu. Ta ce wa mijin Litinin ƙarfe bakwai ya kasance a reshe, akwai igiyar shanya a bayan shago, can ne wurinsa. Ya buɗe baki, na ga yana laluben wata babbar kalma. Ta ce in da magana ya yi ta da Hausa. Ya tashi ya fara tsince fil.